Ma'anar "ranar tsakar dare" da ake yawan faɗa a kan ƙasar Norway

Duk sanda azumi ya ƙarato sai ka ga ana ta yawo da labarin wai akwai ƙasar da rana ba ta faɗuwa, wasu su ce ƙarya ne, wasu har su ce alamar tashin ƙiyama ce. To abin fa gaskiya ne, sai dai ba duk Norway ba ce kuma ba duk shekara ba. Ranar tsakar dare ita ce lokacin da rana ke kwana a sama makonni a jere, ƙarfe 12 na dare ka leƙa taga ka gan ta jawur a ƙasa-ƙasa kamar la'asar sakaliya, ta gangaro har ka ce yanzu za ta faɗi, sai kuma ta sake haurawa abinta.

Dalilin ba wani mai wuya ba ne. Duniya a karkace take juyawa, karkacewar kusan digiri 23.4, to a wajen watan Yuni ɓangaren arewa ne ke kallon rana, duk garin da ya wuce layin Aktik, wato wajen digiri 66.5 arewa da layin da ya raba duniya biyu a tsakiya, ko duniya ta zagayo ba ya shiga duhu. Kano tana wajen digiri 12 ne, shi ya sa a wajenmu tsakanin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai kai awa biyu ba, da yawa ma ba sa lura.

Mutanen Norway sun ɗan haura miliyan 5 da rabi, kuma galibinsu a kudu suke. A Oslo babban birni rana tana faɗuwa, illa dai yinin yakan kai kusan awa 19 a watan Yuni. Sai ka nausa arewa, yankin da ƙabilar Sami ke kiwon barewar ƙanƙara, sannan ka ga abin sosai. A garin Tromso daga wajen 20 ga Mayu har ƙarshe-ƙarshen Yuli babu faɗuwar rana, har gasar gudun fanfalaki suke yi da dare, masu son barci kuma su saki baƙin labule mai kauri. A tsibiran Svalbard na Norway da ke can arewa kam tun Afrilu ake farawa sai Agusta.

Abin da masu yaɗa labarin ba su cika faɗa ba shi ne ɗaya gefen, kuma a ganina shi ya fi nauyi. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu rana ba ta leƙo Tromso sam, ɗan haske shuɗi-shuɗi kawai ake samu da tsakar rana, yara su tafi makaranta cikin duhu su dawo cikin duhu, ga sanyi, mutane na shan man hantar kifi don cike gurbin sinadarin bitamin D da jiki ke samu daga rana.

Sai tambayar da ta fi damun mu, sallah da azumi fa? A 2015 Ramadan ya faɗo ne a Yuni da Yuli, babu magariba babu asuba, musulmin Tromso suka bi lokutan Makka, a wasu wuraren kuma ana bin gari mafi kusa da ake iya rarrabe dare da rana. Malamai suna kafa hujja da hadisin Dujal, inda aka ce yini zai yi tsawon shekara kuma a ƙaddara lokutan sallah. Yanzu azumin ya gangaro wajen Fabrairu da Maris, sun samu sauƙi, amma wajen 2030 zai faɗo a Janairu, lokacin da ranar ma ba ta fitowa balle a jira faɗuwarta.