Algorizim: Dillalin Da Ke Zaɓar Wanda Zai Ga Hajarka

Ƙanwata tana haɗa turaren wuta da humra a ɗakinta, tana tallarsu a Instagram da Facebook. Kwanakin baya ta kira ni ranta a ɓace. "Yaya, wai me na yi wa algorizim ɗin nan ne? Tun safe na ɗora hoton sabon kaya, har yanzu shiru kamar an shuka dusa." Ban yi mamakin jin kalmar a bakinta ba. Yanzu ana jin ta a Farm Centre wajen masu waya, ana jin ta a bakin yaran shago a Kantin Kwari da ke ɗaukar bidiyon atamfa, ana jin ta a zaurukan WhatsApp na mata 'yan kasuwa. Wani ya ce ya juya masa baya, wata ta ce yau ya so ta. Yadda ake maganarsa sai ka ɗauka wani aljani ne a cikin waya, mai fushi da huce haushi.

Algorizim jerin matakai ne da ake bi ɗaya bayan ɗaya don a warware wata matsala, ta yadda duk wanda ya bi su daidai zai isa ga amsa guda. Mun daɗe muna aiki da irinsa. Dubi yadda malami yake rabon gado: a fara cire kuɗin jana'iza, a biya bashin mamaci, a fitar da wasiyya matuƙar ba ta wuce sulusi ba, sannan a duba su wa suka rage cikin magada, wa ya katange wa, kowa a ba shi kasonsa. Idan ka ba malamai biyu dukiya ɗaya da magada ɗaya, suka bi ƙa'ida ɗaya, lissafinsu zai zo ɗaya. To irin wannan tsari ne ake rubuta wa kwamfuta, sai dai ita tana maimaita shi sau miliyoyi kafin ƙiftawar ido.

Kalmar ma ba baƙuwa ba ce gare mu in an bi salsalarta. Daga sunan Muhammad bn Musa al-Khawarizmi ta fito, masanin lissafi da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9, zamanin Halifa Ma'amun. Da Turawa suka fassara littafinsa na lissafi zuwa Latin a ƙarni na 12, sai suka rubuta sunansa Algoritmi, sunan ya koma na hanyar lissafin kanta. Daga taken wani littafinsa kuma aka samo kalmar aljabra da ake koya wa yaranmu a sakandare. Larabawa har gobe khawarizmiyya suke cewa.

Amma ba wannan ƙanwata take nufi ba. Abin da 'yan soshiyal midiya ke kira algorizim shi ne tsarin da ke yanke hukuncin abin da zai bayyana a wayarka idan ka buɗe manhaja, da wanda zai zo farko, da wanda ba za ka taɓa gani ba. Kuma ba guda ɗaya ba ne; na jerin hotuna daban, na gajerun bidiyo daban, na wurin bincike daban. Dalilin samuwarsa yawa ne. Mutumin da ke da abokai dubu biyu, yana bin shafuka ɗari uku, ko yini ya yi a kan waya ba zai ƙare abin da suka ɗora ba, dole a tace masa. Facebook ya ƙirƙiro jerin labaransa a 2006. Instagram kuwa har zuwa 2016 bi da bi yake nuna hotuna, sabo a sama, tsoho a ƙasa, sannan ya sauya zuwa zaɓa wa mutum. A watan Janairun 2018 Mark Zuckerberg ya sanar cewa Facebook zai fifita abin da 'yan uwa da abokai suka ɗora a kan na shafukan kasuwanci da kafafen labarai. Masu shafuka da yawa a duniya sun wayi gari sun ga masu ganin kayansu sun ragu ba tare da sun yi laifin komai ba.

Ga yadda abin yake tafiya. A ce wani yaro a Kwari ya ɗora bidiyon yana warware turmin atamfa. Tsarin ba ya ganin kyan zanen yadda idonka ke gani, hasashe yake yi: wannan matar da ta buɗe waya yanzu a Tarauni, za ta tsaya a kan bidiyon nan ko za ta wuce? Yana gina hasashen a kan abin da ta saba yi. Ta taɓa tsayawa a kan atamfa? Ta taɓa yi wa wannan shafin magana? Masu ɗabi'a irin tata sun kalli bidiyon har ƙarshe ko a daƙiƙa biyu suka zame? Shugaban Instagram, Adam Mosseri, ya ambaci abubuwa uku da suka fi nauyi a ma'auninsu: tsawon lokacin da aka yi ana kallo, yawan laik, da yawan turawa ga wani. Na ukun nan ya fi ba ni sha'awa, don shi ne ya fi kama da rayuwarmu. Mace ta ga leshi ta tura wa ƙawarta ta ce "ga ankon bikin nan", wannan ya fi laik ɗari na masu wucewa. A 2024 Instagram ya bayyana cewa yakan fara nuna abu ga mutane kaɗan, in sun karɓa ya faɗaɗa, in sun ƙara karɓa ya ƙara faɗaɗawa. TikTok kuma tun 2020 ya ce yawan mabiya ba ya cikin abin da yake dubawa kai tsaye wajen zaɓar bidiyon da zai nuna wa mutane. Shi ya sa mai mabiya hamsin kan kwana ya tashi bidiyonsa ya zaga gari, mai dubu hamsin kuma ya ɗora nasa a yi tsit.

Ni dai na fi gane shi a matsayin dillali. Mu Kanawa mun san dillanci, daga Kurmi har Dawanau. Mun san dillaliyar da ke shiga gida gida da ƙullin kaya, ta san gidan da ake shirin aurar da 'ya, ta san wadda ta ɗauki adashe jiya, don haka ta san ƙofar da za ta fara ƙwanƙwasawa. Algorizim ma haka yake, har ya fi ta yawan sani. Sai dai akwai tambayar da kowane ɗan kasuwa ke yi kafin ya miƙa wa dillali kaya: wa yake yi wa aiki, kuma ina la'adarsa take fitowa? Wannan dillalin ba kai ka ɗauke shi ba. Na mai kasuwar ne. Kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, kusan duk kuɗin shigarsa daga talla yake samu, kuɗin tallar kuma yana ƙaruwa ne gwargwadon yadda mutane suka daɗe suna kallon waya. La'adarsa lokacin mutane ce. In hajarka tana riƙe idon jama'a zai yawata da ita, in ba ta riƙewa zai ajiye ta ya ɗauki ta wani. In kana so ya kai ka dole, ka biya kuɗin talla, ka zaɓi gari da shekarun waɗanda kake son su gani.

Akwai kuma inda dillaliyar unguwa ta fi shi nesa ba kusa ba. Ita tana jin kunyar ta kai wa mutane jabu, don gobe za ta dawo gidan. Shi bai san atamfa mai zuba da marar zuba ba, bai san turaren da aka jiƙa da mai na ƙwarai da wanda aka yi wa algus ba. Ya san an tsaya an kalla, shi ke nan. Nan ne abin yake damuna. Tunda faɗa da zage-zage da tonon silili suna tara jama'a, sai ka ga mai sana'ar kirki ya fara tsokanar rigima don a san shi. Za a san shi ɗin, amma masu kallon faɗa ba su ne masu sayen kaya ba, kuma a garin nan mutuncin da ya zube a waya yana biyo mutum har masallacin unguwa da gidan surukai.

Wasu dabarun ma kansu suke cuta. Mai sayen mabiyan bogi ya cika shafinsa da sunayen da ba su kallo, ba su magana; idan aka gwada kayansa a kansu aka ji shiru, sai tsarin ya ɗauka kayan ne ba su da farin jini. Masu "duk wanda ya gani ya rubuta amin" ko "yi laik in kana son mahaifiyarka" su sani tun Disambar 2017 Facebook ya ce zai riƙa danne irin wannan roƙon. Sai al'adar ɓoye farashi, a ɗora kaya a ce "a zo inbos", wai don tambayar "nawa ne?" ta yi yawa a ƙasa. Wataƙila tana ƙara yawan kwament, amma na ga mata da yawa sun wuce kayan da suke so saboda ba sa son su tambaya su ji ya fi ƙarfinsu su ji nauyi. Rubuta kuɗin, ka faɗi unguwar da kake, ka faɗi ko kana aikawa da ɗan sahu ko ta tasha. Wanda ya yi maka magana bayan ya ga duk wannan, da niyyar ciniki ya zo.

Ba masu haja kaɗai abin ya shafa ba. Ɗalibin da ya gama Jami'ar Bayero yana neman hanyar shiga cikin masu sana'ar da ya karanta, shi ma dillalin nan ne ke zaɓa masa mutanen da zai riƙa gani. Kuma shi yake koya masa da yatsansa. In dare ya yi yana kan bidiyon barkwanci, barkwanci za a ƙaro masa. In ya bi injiniyoyi ko likitoci a LinkedIn, dandalin ma'aikata da ƙwararru, ko Facebook, yana karanta abin da suka rubuta, yana yin tambaya mai ma'ana a ƙasa, a hankali zai ga an cika masa waya da su, su ma sunansa ya fara zama sananne a idonsu. Ranar da ya yi sallama ya gabatar da kansa, ba a matsayin baƙo zai zo ba. Wanda kuma ya gaji da a zaɓa masa, tun 2022 Instagram ya dawo da wurin da za ka ga na waɗanda kake bi kawai, sabo a sama.

Abin da na gaya wa ƙanwata bai wuce wannan ba: rumfar da take ciki a Instagram ta aro ce, mai ita yana iya sauya ƙa'ida ba tare da ya yi shawara da ita ba. Ta ci gaba da ɗora kaya masu kyau, da haske, da bayani a sarari, ta amsa wa mutane da wuri. Amma duk wadda ta saya sau ɗaya, ta nemi izininta ta adana lambarta, ita ma ta roƙe ta ta adana tata. Status na WhatsApp, wanda aka fara a 2017, sai waɗanda kuka adana lambar juna ne ke gani, kuma yana ɓacewa bayan awa 24. Saƙon bai-ɗaya, wato wanda ake tura wa mutane da yawa a lokaci guda, shi ma ba ya isa sai ga wanda ya adana lambarka, mutum 256 a jeri guda. WhatsApp ba zai kai ta ga baƙi ba, amma zai riƙe mata waɗanda suka riga suka shaƙi turarenta suka yarda da shi.

Na tuna mata da ranar Litinin 4 ga Oktoban 2021, lokacin da Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke gaba ɗaya a duniya na kusan awa shida, daga bayan la'asar har dare a nan Kano. Mutane suna ta kashe waya suna kunnawa, wasu suna zargin data ce ta ƙare. A daren nan wanda yake da lambar abokin cinikinsa ya ɗaga waya ya kira, aka yi magana, aka tura kaya. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Yaya, bari in samo littafi." Da na je gidanta ranar Juma'a na tarar da shi a kan madubi kusa da kwalaben humra, ta raba shafi uku uku: suna, unguwa, da irin turaren da kowacce ta fi so.