Takunkumin nutso mai rufe fuska duka

Takunkumin nutso mai rufe fuska duka kayan shaƙar iska ne a ƙarƙashin ruwa wanda ke rufe ido da hanci da baki a lokaci guda. A kayan da aka saba, mai nutso yana sa ƙaramin gilashi a ido da hanci, ya cije bakin detandar (na'urar da ke rage ƙarfin iskar tulu don a iya shaƙa) da haƙora. A nan kuwa detandar ɗin a jikin takunkumin yake, mutum yana numfashi ta hanci ko ta baki, har ya yi magana in an haɗa masa na'urar sadarwa. Bafaranshe Yves Le Prieur ya yi aiki da irinsa a 1933, shekara 10 kafin Cousteau da Gagnan su fito da nasu detandar a 1943. Ma'aikatan ceto da sojoji ne suka fi riƙe shi, daga baya masu nutson nishaɗi suka karɓa. Cikin sanannu akwai Neptune na kamfanin Ocean Reef na Italiya, da Divator na Interspiro na Suwidin, da Guardian na OTS na Amurka. Ba ɗaya yake da takunkumin roba mai bututu a ka da ake sayar wa masu iyo a saman ruwa ba; wancan ba a haɗa shi da tulun iska.

Sassansa

Akwai gilashin gaba, da leɓen silikon da ke manne wa fata daga goshi zuwa ƙarƙashin haɓa, da madauri mai reshe 5 ko 6 da ake kira gizo-gizo. A ciki akwai ƙaramin kofi da ke zagaye hanci da baki. Aikinsa rage wurin da iskar da aka fitar za ta taru, domin in ta taru aka sake shaƙarta, ciwon kai da haki ne ke biyo baya. Sabuwar iska takan bi ta kan gilashi kafin ta shiga kofin, shi ya sa ba ya yin hazo. Wasu suna da ƙofar shan iskar waje don kada a ɓata ta tulu a saman ruwa. Mantawa a rufe ta kafin a nutse kuskure ne na sabon shiga, ruwa ne zai shigo.

Daidaita kunne

Kowace mita 10 ta zurfi tana ƙara bar 1 na matsi (bar ma'aunin matsi ne), wanda ke danne kunne sai an toshe hanci an hura, kuma a wannan takunkumin yatsu ba sa kai wa ga hanci. Maimakonsu akwai matoshi a ciki wanda ake gyara wa tsawo tun a tudu: a tura takunkumin sama ko ciki, hanci ya toshe, a hura a hankali. In ya matse da yawa ya hana numfashi, in ya yi nisa kunne ya ƙi buɗewa. Malami kan ɓata minti da yawa a nan da kowane ɗalibi, kuma ba asara ba ce.

Horo

Ƙungiyoyin horon nutso irin su PADI da SSI suna koyar da shi a matsayin darasi na ƙari ga wanda ya riga ya sami shaidar matakin farko. Ana farawa a pisin, wato tafkin iyo da aka gina, inda ƙafa ke taɓa ƙasa. A wasu samfura ana ɗaure madaurin ƙasa tukuna, sai na gefe, na sama a ƙarshe. Ja da ƙarfi ba ya hana yoyo, lanƙwasa leɓen yake yi. Gemu mai kauri da gashin da ya shiga ƙarƙashin leɓe su ma suna sa iska ta riƙa tsiyaya.

Zuciyar horon ita ce cire takunkumin. Da kayan da aka saba, wanda iska ta ƙare masa yana tofar da bakin detandar ya karɓi na abokinsa, idonsa na gani. Da wannan, gani da numfashi tafiya suke tare. Ɗalibi zai sassauta madaurin ƙasa, ya zare takunkumin ta sama, ya riƙa sakin ƙananan kumfa kada ya riƙe numfashi, ya lalubo detandar na ko-ta-kwana ya sa a baki, ya kore ruwan da ke ciki. Sai numfashi ya daidaita zai ciro ƙaramin gilashin da ke aljihunsa ya sa. Wanda ya shiga ruwa ba wannan gilashin a aljihu bai gama shiri ba. Ana maimaitawa har hannu ya haddace, sannan a koyi mayar da babban: a zaunar da haɓa, a danne goshi, a latsa maɓallin detandar har iska ta kore ruwan ta ƙasa.

Sabon shiga yakan ci iska fiye da da, musamman mai surutu a na'urar sadarwa. Tulu mai lita 12 a bar 200 yana ɗauke da lita 2400. Mai shan lita 20 a minti a sama zai sha 60 a zurfin mita 20, inda matsi ya ninka uku. In an ware bar 50 na ajiya, minti 30 ke nan, ban da na haurowa.

A Yamai

Nijar ba ta da teku, don haka mai son shaidar nutso daga Yamai zai iya nufar Dakar ko Bahar Maliya a Masar. A kogin Isa, da damina ruwa kan yi ja har mutum bai ganin tafin hannunsa, alamun hannu ba su da amfani, nan magana ta na'ura ke da rana. Takunkumin yana rage haɗiyar ƙazamin ruwa, amma ba ya kare tsagiya, wadda ta fata take shiga. Ga kuma dorina da ƙarfin igiyar ruwa. Kogin ba wurin koyo ba ne.

Zafin Afrilu da Mayu, da ke wuce digiri 40, yana busar da roba, musamman in an bar kaya cikin mota. Ƙurar hunturu kuma tana shiga tantanin detandar ta sa shi zubar da iska. Bayan kowane nutso a ɗauraye da ruwa mai tsabta, a kashe ƙwayoyin cuta a kofin ciki kafin wani ɗalibi ya sa, a shanya a inuwa, a rufe cikin jaka.