Jam'iyya ba ta sauya aƙida don talakawa sun fusata

An daɗe ana ɗaukar cewa da zarar ra'ayin jama'a ya juya, jam'iyyu sai su bi sahu. Batun tallafin man fetur ya ƙaryata hakan.

Ranar 1 ga Janairun 2012 gwamnatin PDP ta Jonathan ta janye tallafin, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141. Aka yi zanga-zanga da yajin aiki, gwamnati ta mayar da ita 97. Farashi kawai aka rage, ra'ayin gwamnati yana nan daram. 'Yan adawar da suka yi ta suka a lokacin, da mulki ya zo hannunsu sai APC ta kai lita 145 a 2016. A zaɓen 2023 kuwa, Tinubu da Atiku da Obi duk sun ce za su cire tallafin.

Dalili shi ne, wanda ke kan kujera baitulmali yake dubawa. Ɗan takara kuma sai ya fara gamsar da gwamnoni da daliget kafin ya waiwayi mai ƙuri'a. Fushin jama'a yakan sa a jinkirta mataki, ko a raba kayan tallafi, ko a canja ɗan takara.