Rage wa Fistin Nauyi a Bindigar Iska: Me Ake Samu, Me Ake Asara?

A Ingila da Jamus akwai masu harbin gasa da ba su yarda su bar bindigar iska yadda ta fito daga masana'anta ba. Sukan kwance ta, su feƙe fistin, su canza sifirin, duk don harbin ya yi laushi kuma ya yi sauri. Ga tambayoyin da sabon shiga yakan yi.

Me yake faruwa a cikin bindigar idan an taɓa kunama?

Bindigar da muke magana a kanta mai sifirin ce, ba mai tankin iska ba. Idan ka ɗana ta, kana danne wani sifirin mai ƙarfi ne a bayan fistin. Da ka taɓa kunama sai fistin ya ruga gaba cikin silinda, ya matse iskar da ke gabansa, ta fita ta wata 'yar kafa mai faɗin kusan milimita 3, ta ingiza ƙwayar dalma cikin bututu. Duk wannan yana ƙarewa ne cikin kusan kashi 1 cikin 100 na daƙiƙa.

Matsalar ita ce bindigar tana motsi tun ƙwayar ba ta fita ba. Fistin yana yin gaba, ita tana yin baya. Idan ya ci karo da matsattsiyar iskar nan sai ya tsaya cak, ya ɗan dawo, bindigar kuma ta zabura gaba. Shi ya sa irin wannan bindiga take lalata madubin saitin da ba a yi shi dominta ba, kuma shi ya sa wanda ya riƙe ta gam yau, ya sassauta gobe, ba zai sami wuri ɗaya ba.

To me rage nauyin fistin zai gyara?

Lissafin ba shi da wuya. Nisan da bindiga take ja da baya ya dogara ne da nauyin fistin, da tsawon tafiyarsa, da nauyin bindigar gaba ɗaya. A ce fistin giram 250 ne, tafiyarsa milimita 80, bindigar da madubinta kilo 4: za ta ja baya kusan milimita 5, ban da ɗan abin da sifirin yake ƙarawa. A mayar da fistin giram 150, sai ya koma milimita 3. Ga mai neman saka ƙwaya a rami ɗan ƙarami daga nisan mita 40 ko 50, wannan bambancin ba wasa ba ne. Ƙari kuma, fistin mara nauyi yana isa da wuri, ƙwayar ta fita kafin hannu ya karkace.

Me ya sa ba za a yi ta rage shi ba kawai?

A nan ne mutane da yawa suke ɓata bindiga mai kyau. Toshe bakin famfon keke da yatsa ka danna da ƙarfi, sannan ka saki: hannun famfon zai dawo maka da kansa. Haka iska take yi wa fistin. Mai nauyi yana da ƙarfin da zai ci gaba da danne ta har ƙwayar ta yi nisa a bututu. Mara nauyi kuwa, da iskar ta taso masa sai ya ja baya da wuri, matsin ya faɗi, ƙarfin harbi ya ragu.

Sai mai gyara ya ce bari ya sa sifirin mai tauri don ya cike gurbin. Yanzu ɗanawa ta yi wuya, zaburar gaba ta ƙaru, harbin ya zama fisga mai zafi a kafaɗa da kunci. Ya gudu daga ja da baya, ya faɗa cikin abin da ya fi shi wahalar sarrafawa. Ni a ganina, duk wanda ya ce maka “mafi sauƙin nauyi shi ne mafi kyau” bai daɗe yana harbi da irin abin da yake yabo ba. Nauyin fistin dole ya dace da faɗinsa, da tsawon tafiyarsa, da faɗin kafar iska, har da nauyin ƙwayar da kake sawa. Ka taɓa ɗaya, sauran duk sun motsa.

Me ake nufi da matse silinda?

Wannan ita ce dabarar da ta sa fistin mara nauyi ya yi aiki. Bindigogi irin TX200 ta kamfanin Air Arms da ke Hailsham suna da fistin mai faɗin milimita 25, HW97 ta Weihrauch da ke Mellrichstadt kuma 26. Masu gyara sukan zura wani siririn bututu cikin silindar, faɗin ya koma 22 ko ma 21. Daga 25 zuwa 22, fuskar fistin ta ragu da kusan kashi 23 cikin 100. Tunda iska ba ta da faɗin wurin da za ta tura, ƙaramin fistin yana iya danne ta ba tare da ya yi tsalle da wuri ba, kuma sifirin mai laushi ya wadatar. Idan aikin ya yi kyau, bindigar takan yi ɗan “tak” ne kawai, kana kallon inda ƙwayar ta sauka ta cikin madubi.

Amma aikin gwani ne mai injin feƙe ƙarfe, ba na guduma da zarto ba. Kuma irin waɗannan bindigogi sukan yi saurin jin canjin yanayi: robar kan fistin, mai hana iska zurarewa, tana kumbura da zafi, ta takure da sanyi, ƙarfin harbi ya riƙa hawa da sauka.

Gajarta tafiyar fistin fa?

Ana ƙara wa kan fistin tsawo, ko sandar da kunama take kamawa. Yana amfani ga bindigar da aka ƙera don ƙarfi mai yawa sannan aka rage mata, kamar HW80 mai silinda milimita 30. Idan an wuce gona da iri, sakamakon ɗaya ne da na sama: sifirin mai tauri da harbi mai zafi.

Don me Turawan Ingila suka fi kowa damuwa da wannan?

Doka ce ta jawo. A Ingila doguwar bindigar iska da ƙarfin harbinta ya wuce jul 16.27 (jul shi ne ma'aunin wannan ƙarfi) sai da lasisin makami, a Jamus kuma iyakar jul 7.5 ce. Da ƙwayar milimita 4.5 mai nauyin giram 0.547, iyakar Ingila ta kama gudun kusan mita 244 a daƙiƙa. Tunda ba damar ƙara ƙarfi, sai hankali ya koma ga yadda za a sami wannan ɗan ƙarfin da mafi ƙarancin girgiza. Masu hankali sukan tsaya ƙasa da iyakar, su auna da na'urar auna gudu bayan kowane canji, domin gyara mai kyau yakan ƙara ƙarfi ba tare da an nufa ba. A Nijeriya kuwa, dokar makamai ta sa bindigar iska cikin waɗanda sai da lasisi.

Da me ya kamata sabon shiga ya fara?

Ba da fistin ba. Yawancin ƙarar “tirrr” da ake ji bayan harbi daga sifirin ne da yake rawa a kan sandar da ke cikinsa. A yi masa sanda ta roba mai tauri wadda ta kama shi daidai, a sa wata 'yar hula a ɗaya kan, a goge kaifin ramukan silinda don kada su yanki robar fistin, a shafa giris kaɗan a bayan fistin da jikin sifirin. Wannan kaɗai yakan sauya bindiga har mai ita ya fasa sauran aikin, kuma ba a yanke komai da ba za a iya mayarwa ba.

Kada mai ko giris ya shiga gaban robar. Zafin matsin yana kunna shi kamar a injin dizal, ka ji ƙara, ka ga hayaƙi, robar ta ƙone, wani lokaci har sifirin ya karye. Haka ma harbi ba ƙwaya a ciki: fistin zai doki ƙarfe kai tsaye.

Akwai haɗari wajen kwancewa?

Akwai, sosai. Ko ba a ɗana ba, sifirin yana danne a ciki, kuma a wasu bindigogin da an cire fil na ƙarshe zai iya harbo murfin baya a fuskar mutum. A tabbata ba a ɗane take ba kuma ba ƙwaya, a sa ta a matsi mai sakin sifirin a hankali, a sa gilashin kare ido. Bayan an haɗa, a gwada kunama da makullinta bakin bindigar yana kallon tudun ƙasa, domin sandar fistin da aka canza tana iya ƙin kamawa sosai, ta saki da kanta lokacin sa ƙwaya, yatsu suna bakin silinda.