Ba soshiyal midiya ce ta haifi labaran ƙarya ba

Kullum sai ka ji ana cewa wai Facebook da WhatsApp ne suka kawo labaran bogi, a da can jarida ba ta ƙarya. Gaskiya wannan magana tana damuna, don ba haka ba ne sam.

Tun shekarar 1835 jaridar New York Sun ta Amurka ta dinga buga labari kashi-kashi wai an hango wasu halittu masu fukafukai irin na jemage a duniyar wata, har suka jingina abin ga masanin taurari John Herschel, shi kuwa bawan Allah bai ma san ana yi ba. Mutane suka yi ta rububin sayen jaridar. Lokacin ko rediyo babu, balle intanet.

Abin da ya canja shi ne gudu. A 2018 masu bincike a jami'ar MIT sun bi diddigin labarai kusan 126,000 a Twitter, suka gano ƙarya ta fi gaskiya saurin yaɗuwa nesa ba kusa ba, kuma abin da ya fi taɓa ni, ba wasu na'urori ba ne suka fi yaɗa ta, mu ne mutane. Ka ga hoto ya tayar maka da hankali, kafin ka gama karanta layin farko yatsanka ya riga ya danna, ya tafi gurup uku, babu edita a tsakani da zai ce tsaya tukuna, daga ina wannan ya fito?