Ma'anar jeren ɗafi da curin ɗafi: yadda Kecuwa da Rashanci suke gina kalma

Duk wanda ya zauna ajin nahawun Hausa ya san saiwa da ɗafi. Saiwa ita ce gundarin kalma, ɗafi kuma ɗan guntun da ake liƙa mata a goshi ko a ciki ko a ƙeya don ma'ana ta ƙaru. Daga Kano ake samun Bakano da ɗafa-goshi, ake samun Kananci da ɗafa-ƙeya. Masana suna kasa harsunan duniya bisa yadda suke sarrafa wannan guntu. Wasu harsuna jera shi suke yi kamar ƙwayoyin carbi, kowace ƙwaya da aikinta guda. Wasu kuwa cure ayyuka biyu ko uku suke yi cikin guntu ɗaya, kamar curin fura da ba ka iya tsince citta daga gero. Kecuwa na cikin masu jerawa, Rashanci na cikin masu curewa.

Harsunan biyu ba su haɗa dangi ba. Rashanci ɗan gidan Silab ne na gabas, tare da harsunan Yukren da Belarus, ana rubuta shi da haruffan Sirilik 33. Kecuwa kuwa, wanda masu shi ke kira Runa Simi, wato bakin mutane, gungun harsuna ne na tsaunukan Andes a Kudancin Amurka: Peru, Bolibiya, Ekwado, da wasu sassan Kolombiya da Ajantina. Shi ne harshen mulkin daular Inka mai hedikwata a Kusko, birni a ƙasar Peru ta yau. An buga nahawunsa na farko a 1560, aikin wani limamin Kirista ɗan Sifaniya, Domingo de Santo Tomás, kuma Peru ta mai da shi harshen hukuma a 1975. Misalan da ke nan na Kecuwan kudu ne, na Rashanci kuma an juya su zuwa boko.

A ɗauki kalmar gida. A Kecuwa wasi ce. Jam'i -kuna ne, "nawa" -y ne, "a cikin" -pi, "zuwa" -man, "daga" -manta. Saboda haka wasipi na nufin a cikin gida, wasikunapi a cikin gidaje, wasiykunapi a cikin gidajena, wasiykunamanta daga gidajena. Sa wuƙa ka yanka: wasi-y-kuna-manta. Guntu huɗu, ma'ana huɗu, kuma -kuna ɗin nan shi za ka tarar a jikin mutum da dutse da kare, ba ya sauya kama.

A Rashanci gida dom ne. A cikin gida v dome, a cikin gidaje v domakh. Zuwa gida k domu, zuwa gidaje k domam. Daga gida iz doma, daga gidaje iz domov. Nemi guntun da ke nufin jam'i shi kaɗai cikin -akh da -am da -ov, ba za ka same shi ba, domin kowanne ya haɗiye jam'i da matsayin suna a jimla lokaci guda. Wannan shi ne curi. Matsayin guda 6 ne, adadi 2, tilo da jam'i, wato gurbi 12 ga kowane suna, kuma abin da ke shiga gurbin ya danganta da jinsi. Jinsin 3 ne: namiji, mace, da wanda ba ko ɗaya ba.

Inda mai koyon Rashanci ke tuntuɓe shi ne guntu ɗaya yakan yi aiki daban-daban. Wasalin -a a ƙarshen kniga, littafi, yana nuna mace tilo mai aikata aiki. A ƙarshen stola yana nufin "na teburi". A doma kuwa sai kunne ya raba gardama: in ƙarfin murya ya faɗi a gaɓar farko, "na gida" ke nan, in ya faɗi a ta ƙarshe, "gidaje". Rubutun yau da kullum ba ya nuna wannan ƙarfi, kamar dai yadda boko ba ya nuna karin sautin Hausa. Wani lokaci ma rashin ɗafin shi ne alama: "na littattafai" knig ne, an datse wasalin. Ƙirga ma da nasa tarko. Teburi 1 stol, daga 2 zuwa 4 stola, daga 5 zuwa 20 stolov, a 21 a koma stol. Ɗan Kecuwa zai ce iskay wasi, kamar yadda Bahaushe ke cewa gida biyu, ya huta.

Kada a ɗauka jerawa ba ta da wahala. Wahalarta tana cikin tsari. Saiwa ce farko, sai mallaka, sai jam'i, sai matsayi, kuma wanda ya sa -pi kafin -kuna ya ɓata kalmar. In suna ya ƙare da baƙi, ɗafin mallaka ba ya zama kai tsaye, sai an cusa -ni- a tsakani: yawar jini ne, jinina yawarniy. Ƙarfin murya kusan kullum a gaɓa ta biyun ƙarshe yake, don haka yana matsawa gaba duk lokacin da ɗafi ya ƙara wa kalma gaɓa. Jinsi kam babu shi, pay na nufin shi, yana nufin ita. Amma "mu" iri biyu ne: ñuqanchik ya haɗa da wanda ake yi wa magana, ñuqayku ya cire shi. Baƙon da ya rikita su zai iya gayyatar mutum cin abinci alhali da bakinsa ya ce ban da shi.

Abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne ɗafin shaida. Mai magana da Kecuwa yana nuna inda ya samo labarinsa a jikin kalma. Parashan na nufin ana ruwa. Parashanmi: ana ruwa, na gani da idona. Parashansi: an ce ana ruwa. Parashanchá: ƙila ana ruwa. Hausa na da "wai" da "ƙila", Rashanci na da mol da yakoby, amma waɗannan kalmomi ne masu zaman kansu da mutum zai sa ko ya bari. A Kecuwa abin ya shiga ƙashin nahawu, kuma ba ƙaramin kuskure ba ne ka sa -mi a kan labarin da ji kawai ka yi, domin ka ɗauki nauyin abin da ba ka shaida ba. Tatsuniya da labarin mutanen da, da -si ake ba da su. Ɗafin yakan sauka a kan kalmar da ake son jaddadawa, kusan aikin "ne" da "ce": Mamaymi hamurqan, mahaifiyata ce ta zo.

Rabon nan ba katanga ba ne. Kecuwa ma yana curewa nan da can: a rikuyki, ina ganinka, guntun -yki ya ɗauki "ni" da "kai" tare. Rashanci ma yana jerawa: -sya a ƙarshen aikatau yana mai da aiki kan mai yinsa, myt wankewa, mytsya yin wanka. Don haka in an ce harshe mai jeri ne ko mai curi, ana nufin inda ya fi karkata.

Hausa ta fi karkata wajen curi. "Ta" a cikin "ta zo" ta ƙunshi mutum na uku, mace, tilo, da shuɗaɗɗen lokaci. Jam'inta kuwa, gida gidaje, littafi littattafai, ƙasa ƙasashe, sai an haddace, kamar yadda ɗalibin Rashanci ke haddace chelovek mutum, lyudi mutane. Ta fuskar furuci kuwa Bahaushe ya fi kusa da mutumin Kusko. Kecuwan can yana da baƙaƙe masu tunkuɗo iska daga maƙogwaro irin ƙ da ts namu, ana rubuta su k', q', t', p', ch'. Tanta taro ne, thanta tsumma, t'anta burodi, kuma wanda ya saba raba kafa da ƙafa ba zai daɗe ba zai kama na ukun.