Jimiri: ba a ce mai jiran amsar addu'a ya kama bakinsa ba

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da cire tallafin man fetur, haƙuri da juriya ba su sake barin bakin masu mulki ba. Ka kunna rediyo da safe a Kaduna, ba za a jima ba za ka ji wani kwamishina ko kakakin wani babba yana gode wa talakawa saboda haƙuri da juriyarsu. Maganar ba ta tsaya a ofisoshin gwamnati ba. Ta bi mu har cikin majami'a, ta tarar da wata tsohuwar kalma tamu ta Littafi Mai Tsarki, wato jimiri, ta gurɓata ta. Yanzu daga Sabon Tasha zuwa Narayi, daga Unguwar Television zuwa Gonin Gora, da wuya a tashi sujadar Lahadi ba a ce wa wani ya yi jimiri ba. Ana faɗa wa matar da ta shekara goma da aure ba haihuwa, ana faɗa wa saurayin da ya gama bautar ƙasa yana ta yawo da takardu, ana faɗa wa dattijon da ke jiran haƙƙinsa tun da aka rufe masaƙun Kakuri.

Ma'anar a taƙaice ba ta da wuya. Jimiri shi ne mutum ya ci gaba da riƙe abin da ya riƙe duk da wahala, ba ya saki, ba ya juya baya. Ga mai bi, shi ne ya ci gaba da riƙe Allah a lokacin da ya yi addu'a, ya yi azumi, amma shiru. Haƙuri kuwa ya fi faɗi. Da shi muke ta'aziyya, da shi muke neman gafara, da shi kuma muke sallamar mai bara idan ba mu da abin ba shi. Wannan na ƙarshen shi ne ya fara cinye jimiri, kuma shi ne ke damuna. Idan yau aka ce wa mace, "Mama, ki yi jimiri, lokacin Allah ya fi," sau da yawa abin da ake nufi shi ne ta daina kawo maganar, ta daina kuka a gaban jama'a, ta koma gida. Sallama ce aka yi mata da kalmar da ya kamata ta ƙarfafa ta.

Duk mai wannan wa'azi, da Ayuba yake kafa hujja. Daidai ne, domin wasiƙar Yakubu, sura 5 aya 11, shi ta ɗauko ta yi misalin jimiri da shi. Amma ina roƙon mu buɗe littafin Ayuba mu karanta shi duka, domin surori 42 ne, yawancinmu kuwa biyun farko kawai muka sani.

A biyun farkon nan, mutumin da ke da tumaki 7,000, raƙuma 3,000, shanun noma taki 500 da jakuna 500 ya wayi gari ba ko ɗaya. 'Ya'yansa goma, maza bakwai mata uku, gida ya faɗa musu a rana ɗaya. Ya yage rigarsa, ya aske kansa, ya faɗi ƙasa ya yi sujada, ya ce Ubangiji ne ya bayar, shi ne kuma ya karɓa. Nan wa'azinmu yakan tsaya, a ce amin, a karɓi baiko. To, a juya shafi. A sura 3, Ayuban nan ya buɗe baki ya la'anci ranar da aka haife shi, ya tambaya don me bai mutu tun a ciki ba. A sura 7 ya ce ba zai kama bakinsa ba, zai yi magana cikin ɓacin ransa. A sura 10 ya ce wa Allah ya faɗa masa laifin da ake tuhumarsa da shi. A sura 23 ya ce da ya san inda zai same shi, da ya je har gaban kursiyinsa ya shimfiɗa ƙararsa. Ya duba gabas bai gan shi ba, ya duba yamma bai same shi ba. Wannan shi ne mutumin da Yakubu ya ce mu dubi jimirinsa. Da wani zai tashi a taron addu'ar ranar Laraba ya faɗi rabin waɗannan kalmomi, na tabbata dattawa za su kira shi gefe su ce bangaskiyarsa ta yi sanyi.

Masu kiran mutum gefe su ma suna cikin littafin. Su ne abokansa uku, Elifaz, Bildad da Zofar. Sun fara da kyau ƙwarai: suka zo, suka zauna a ƙasa tare da shi kwana bakwai, dare da rana, ba wanda ya ce uffan, domin sun ga zafin ya yi yawa. Da suka buɗe baki ne abin ya lalace. Bildad ya dubi uban da ya binne 'ya'ya goma ya ce masa watakila zunubinsu ne ya ci su. Elifaz, da abin ya ƙi ƙarewa, har ƙirƙiro wa Ayuba laifi ya yi, ya ce ya kori gwauraye mata hannu wofi, ya hana mayunwata abinci. Tauhidinsu a tsare yake: Allah mai adalci ne, wanda ke shan wuya akwai abin da ya yi, ya tuba komai zai gyaru. Ayuba ya kira su likitocin banza, ya ce da za su yi shiru, da shirun ya zame musu hikima.

Abin da ya fi muhimmanci yana sura 42 aya 7. Allah ya yi magana daga cikin guguwa tun sura 38, ya tsauta wa Ayuba a kan maganar da ya yi ba tare da sani ba, Ayuba kuma ya ƙasƙantar da kansa. Ba na ɓoye wannan. Amma da aka zo yanke hukunci, Elifaz da abokansa biyu Allah ya ce yana fushi da su, domin ba su faɗi gaskiya a kansa ba kamar yadda bawansa Ayuba ya yi. Su da suka tsaya kare sunan Allah, sai da Ayuba ya yi musu addu'a. Me ya raba su? Su uku suna magana ne a kan Allah, shi kuwa Ayuba, duk zafin bakinsa, da Allah yake magana. Matarsa ta ce ya zagi Allah ya mutu, ya ƙi. A tsakiyar kukansa ne, a sura 19, ya ce ya san mai fansarsa yana da rai. Jimirinsa ke nan: bai taɓa canja ƙofar da yake ƙwanƙwasawa ba. Sarki Saul ne ya canja, da ya nemi Ubangiji bai sami amsa ba, ya sake kama ya tafi wurin mai duba a Endor. Wanda ya gaji da jira ya fara zagaye wurin bokaye, ko yana bin duk wanda ya kafa rumfa ya kira kansa annabi, shi ne ya rasa jimiri. Wanda ke kuka yana tambayar Allah har yaushe, yana nan daram. Zabura 13 da wannan tambayar ta buɗe, sau huɗu a jere. Annabi Habakuk ma da ita ya fara. Hannatu ta zuba kukanta a Shilo har Eli firist ya zaci ta bugu.

Akwai wani ruɗanin kuma, wanda ya fi ciwo domin yana shiga aljihun talaka. Shi ne a mai da jimiri ciniki: ka yi azumin kwana kaza, ka shuka iri na naira kaza, kafin ƙarshen watan nan za ka ba da shaida. Wata ya ƙare ba shaida, sai a ce bangaskiyarka ce ba ta kai ba. Wannan maganar Elifaz ce aka sake wa riga. Mu a Kaduna ba mu da uzurin yarda da ita, domin mun ga abin da ya faru da idonmu. Ranar 5 ga Yuli, 2021, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 120 daga makarantar Bethel Baptist da ke ƙaramar hukumar Chikun. Aka yi ta sako su kashi-kashi, na ƙarshe bai dawo ba sai bayan fiye da shekara biyu. Wa zai iya tsayawa ya ce iyayen da 'ya'yansu suka fara dawowa sun fi sauran iya addu'a? Watanni kaɗan kafin nan, a Afrilu, an sace ɗaliban Jami'ar Greenfield, aka kashe biyar daga cikinsu. Iyayensu ma sun roƙi Allah. Duk koyarwar da ba za ka iya faɗa a gaban waɗannan iyaye ba, bai kamata ka hau bagade da ita ba.

Littafi Mai Tsarki bai yi wa kowa alkawarin rana da wata ba. Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, amsar da ya samu ita ce alherin Ubangiji ya ishe shi, ƙayar kuma ta zauna. Ibraniyawa sura 11, bayan ta jera jaruman bangaskiya, ta rufe da cewa dukansu ba su karɓi abin da aka alkawarta ba. Yesu da kansa ya roƙa a Getsamani a ɗauke masa ƙoƙon, aka bar masa shi ya sha. Ayuba ma har littafin ya ƙare ba a faɗa masa dalilin wahalarsa ba. An ninka masa dukiya, ya sake haifar goma, amma goman farko suna kabari. Uwar da ta taɓa binne ɗa ta san wani ba ya maye gurbin wani.

To yaya ake samun jimirin? Bulus a Romawa 5 da Yakubu a sura 1 sun haɗu a kan cewa daga cikin wahalar kanta yake fitowa, idan bangaskiya ta sha gwaji. Ba a karɓarsa a taron kwana uku. Yakubu ya ba da misalin manomi mai jiran ruwan fari da na ƙarshe, kuma duk wanda ya san manoman citta na Kachia ya san jiran manomi ba zaman hannu rabbana ba ne. Yana shuka, yana rufe kunya da ciyawa, yana cire haki, watanni suna wucewa, abin da yake jira yana ƙarƙashin ƙasa ba ya ganinsa. A 2023 cuta ta shiga gonakin cittar kudancin Kaduna ta lalata su, waɗanda ba su yi laifin komai ba suka tashi hannu wofi, amma da damina ta zagayo masu sauran ƙarfi suka koma gona. Haka mai jiran haihuwa zai ci gaba da addu'a yana kuma zuwa asibiti, shi da matarsa duka biyu, ba ita kaɗai ba. Mai neman aiki ya koyi sana'a yana jira. Wanda addu'a ta ƙafe a bakinsa ya ɗauki Zabura ya karanta da ƙarfi, har da ta 88 wadda ba ta ƙare da murna ba, domin an bar ta a cikin Littafi saboda irin wannan rana.

Su kuma masu mulki da suka ari kalmar, ina so su karanta Luka sura 18. Yesu ya ba da misalin ne musamman domin almajiransa su riƙa addu'a kullum kada su karai. Wata gwauruwa ce take zuwa wurin alƙalin da ba ya tsoron Allah, ba ya ganin mutum da gashi, tana cewa ya bi mata haƙƙinta. Ya ƙi, ta dawo. Ya sake ƙi, ta sake dawowa, har ya ce bari ya biya mata bukata kada ta gajiyar da shi da zarya. Macen da Yesu ya zaɓa ta koya mana naciya a addu'a, a ƙofar hukuma take tsaye tana neman adalci. Iyayen Bethel da suka durƙusa suna addu'a a harabar makaranta, su ne kuma suka tare hanyar Kaduna zuwa Kachia a ranar da aka sace 'ya'yansu, kuma ban ga saɓani tsakanin biyun ba. Jira ga Allah daban, yin shiru ga mutumin da aka damƙa wa amanar tsaro da abincin jama'a daban. Ba wanda ke bin Allah bashin bayani, amma gwamna da ɗan majalisa ana binsu.

Saura mu da ke zaune kusa da mai jira. Akwai wata aya a ƙarshen littafin Ayuba da ban cika jin an yi wa'azi a kanta ba, sura 42 aya 11. 'Yan'uwansa maza da mata da duk waɗanda suka san shi a dā suka zo gidansa, suka ci abinci tare da shi, suka yi masa ta'aziyya, kowannensu kuma ya ba shi kuɗi da zoben zinariya. Farfaɗowar Ayuba ta bi ta hannun mutane. Zumuntar Mata a majami'unmu sun daɗe da gane wannan, shi ya sa idan za su gaisuwa ba sa tafiya hannu wofi, akwai mudun masara ko sabulu a ƙunshe. Kwamitin dattawa da ke shirin ce wa gwauruwar Unguwar Romi ta yi jimiri a kan kuɗin hayar da ya taru mata, su fara buɗe asusun ikilisiya su ga nawa za su iya biya mata a wannan wata.